Kwalba Mai Suna, Buhu Marar Suna

 Sharhinmu na yau zai tashi daga wani ɗan gari na ƙasar Faransa, ya sauka a gonakin Tsafe da Bunguɗu da karkarar Gusau. Sunan garin Shabli, yana bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Seren, tafiyar kamar awa biyu a mota kudu maso gabas da birnin Paris. Mazaunansa ba su kai dubu uku ba, amma sunansa ya kai Landan da Tokyo da Amurka. Abin da ya kai shi can farar giyar inabi ce marar zaƙi, wadda masu shanta ke yabawa saboda ɗan tsaminta mai kaifi. Tun daga nan zan faɗi matsayina, don kada wani ya kashe rediyonsa. Giya haramun ce. A nan Gusau aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, kuma ba ni da muradin ganin ko kwalba ɗaya ta tsallako iyakar jihar nan. Abin da ya ɗauki hankalina ita ce takardar da ke manne a jikin kwalbar. A kanta an rubuta sunan garin, da sunan gonar da inabin ya fito, da shekarar da aka girbe shi, da sunan gidan da ya noma shi, da shaidar cewa a cikin gidan nan aka ɗura shi. To ku dubi buhun waken da ake lodawa a kasuwar Tsafe. An ɗinke bakinsa da basilla, an zana haruffa biyu da fenti a gefensa, kuma haruffan na ɗan kasuwar da ya saya ne, don kada kayansa su haɗu da na wani a cikin mota. Manomin da ya yi huɗa, ya yi noman firi da maimai, ya kwana yana fargabar mahara, sunansa ya ƙare a inda aka auna masa kuɗinsa. Maganata ita ce, mafi yawan ribar manomin Shabli a cikin sunan take, kuma sunan bai tsaya ba sai da manoman suka ɗaura wa kansu ƙa'ida mai tsanani. Wannan hanya halal ce, kuma manomin Zamfara ya fi kowa bukatarta.

Kada a ɗauka cikin jin daɗi aka haifi wannan tsari. A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya fara cin saiwar inabi a kudancin Faransa, cikin shekara talatin ya share mafi yawan gonakin inabin ƙasar, ya isa Shabli a 1887. Manoma suka tumɓuke itatuwan da suka gada, suka koma yin aure tsakanin reshen inabinsu da saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. A tsakanin nan kasuwa ta cika da jabu. 'Yan kasuwa suna haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi da launi, su manna sunan duk garin da suka ga dama. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman kudu suka yi bore, ranar 9 ga Yuni mutum fiye da rabin miliyan suka taru a birnin Mompeliye, kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka harbe mutane a garin Narbon. A ƙarshen watan gwamnati ta yi dokar da ta tilasta wa kowane manomi ya bayyana yawan abin da ya girba, ta kuma hana ƙara ruwa. Aka ci gaba da ja-in-ja a kotuna har ranar 30 ga Yuli 1935, lokacin da aka kafa kwamitin ƙasa mai kula da sunayen asali, bisa ƙoƙarin wani ɗan majalisa mai suna Joseph Capus. Shabli ta samu nata rajistar a 1938. Ko da hakan bai kawo sauƙi nan take ba. Jirgin ƙasa ya riga ya cika Paris da giyar kudu mai arha, sanyi mai daskarewa ya yi ta ƙone amfanin gona, har a shekarun 1950 gonakin inabin Shabli suka ragu zuwa kamar hekta 500. Yau sun haura hekta 5,000. Mutanen da suka farfaɗo da su manoma ne da talauci ya kusa kora daga ƙasarsu.

Me ƙa'idar ta ƙunsa? An bi gona gona an shata iyakar ƙasar da ke da ikon amfani da sunan, saboda ƙasar wurin farar laka ce mai alli, cike da ɓawon ƙananan halittun teku da suka mutu tun zamanin da wurin ke ƙarƙashin ruwa, kuma manoman sun yi imani ita ke ba amfanin gonarsu ɗanɗanon da ba a samu a wani wuri. Iri ɗaya tak aka yarda a shuka, wanda ake kira shardone. An kasa gonakin mataki huɗu, na ƙoli gonaki bakwai ne kacal a jikin tudu guda mai fuskantar rana, duka-duka kamar hekta 100. Sai kuma sharaɗin da zai fi ba manominmu mamaki: an ƙayyade iyakar abin da hekta ɗaya za ta bayar, wajen lita 6,000 a matakin gama-gari, ƙasa da haka a gonakin ƙoli. Manomi yana ganin itacensa ya yi 'ya'ya da yawa, ya sa almakashi ya rage, domin yawa na rage inganci, kuma idan ya wuce iyaka rarar ba za ta ɗauki sunan ba. A watan Afrilu, idan aka yi hasashen sanyi zai sauko, iyali kan fito da tsakar dare, uba da 'ya'ya da surukai, su jera gwangwanayen kakin wuta tsakanin layukan inabi su kunna, su tsaya har gari ya waye don kada tohon ya daskare. A 2021 duk da haka sanyin ya cinye kaso mai yawa na amfanin shekarar, kuma ba wanda aka ba izinin ya cike giɓinsa da inabin wani yanki. Sanin ƙasa irin wannan muna da shi. Dattijon Kwatarkwashi ya san bambancin jigawa da fadama da laka da jangargari da faƙo, ya san gonar da ke son kaura da wadda ke son farfara, ya san inda rake ke yin zaƙi a bakin kogin Sakkwato da inda yake yin ruwa-ruwa. Ilimin yana kansa, ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa mayar masa da shi kuɗi ba.

Sunan gari rabin maganar ne, ɗaya rabin sunan gida ne. Har zuwa farkon ƙarni na ashirin manomin inabi a yankin Burgandi, inda Shabli take, yana sayar da kayansa ne a ganga ga dillalan birni, su gauraya na wannan da na wancan su sa sunansu, daidai da yadda ake yi wa wakenmu da riɗinmu. Wasu manoma, cikinsu har da Henri Gouges da Marquis d'Angerville, suka fito fili suka yaƙi algus, dillalai suka ƙaurace musu, sai suka fara ɗura kayansu da kansu suna sa sunan gidansu. Daga nan al'adar ta bazu. Dalilin da ya sa mai saye ke amincewa da sunan gida a bayyane yake. Itacen inabi sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da abin kirki, yana kuma iya rayuwa shekara hamsin. Wanda ya dasa shi yana dasa wa ɗansa ne, kuma wanda ya san jikansa zai ci abinci da sunan nan ba zai sayar da shi don ribar kaka ɗaya ba. Mu ma muna da wannan gini, shi ne gandu: maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, a ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake shiga da yamma ko a ranakun da aka ware masa. Masaniyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta kuma buga bincikenta a 1972, ta riga ta nuna cewa gandu kan watse da zarar uba ya rasu. Yau abin ya fi haka sauri. A raba gona gida takwas, kowa ya samu abin da bai isa ya riƙe shanun huɗa ba, wanda ke birni ya sayar da nasa ga baƙo, cikin shekara goma sunan gonar ya ɓace.

Wani zai ce ai rabon gado umarnin Allah ne, ba a taɓa shi. Haka ne, kuma ban nemi a taɓa shi ba. Faransa ma tana da dokar da ke tilasta raba gado tsakanin 'ya'ya tun 1804, ta kuwa daddatsa gonakinsu, har akwai wata shahararriyar gona a Burgandi mai hekta 50 da ke da masu ita kusan tamanin. Abin da suka yi a 1970 shi ne suka samar da hanyar da magada za su riƙe rabonsu a matsayin hannun jari, ƙasar ta zauna a dunƙule, ɗaya daga cikinsu ya noma ya biya sauran hakkinsu. Fikihun Malikiyya da muke karantawa a zaure bai rufe wannan ƙofa ba. Bayan kowane magaji ya san kasonsa, namiji da mace, babu abin da ya hana su yarda su ci gaba da tarayya. Akwai kuma hakkin shuf'a, wanda Risala ta Ibn Abi Zaid ta ware wa babi tare da kyauta da hubusi: idan abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa, sauran abokan sun fi baƙo cancantar su karɓa a kan farashin da aka saya. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a fake da sunan gandu a cinye rabon mata da marayu, wanda abu ne da ke faruwa a ƙauyukanmu, kuma maganinsa rubutu ne a gaban alƙali da shaidu.

Asarar suna tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Ɗaruruwan shekaru fatar jar akuyar Sakkwato tana ratsa Sahara a bayan raƙuma, Turawa suna yi wa littattafansu masu daraja bango da ita, suna kiranta fatar Maroko, saboda daga tashoshin arewacin Afirka take isa gare su. Majemin da ya jeme ta da bagaruwa bai samu ko ambato ba. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar ƙasar nan suka bi shi zuwa teku, Gusau ta zama garin injin gurzar auduga da kantunan kamfanonin Turawa, amma a can ƙetare kayan Najeriya kawai ake ce musu. Duk da haka a wancan zamani akwai abu ɗaya da muka rasa daga baya. Dattawa suna tuna kasuwar auduga, inda malamin duba zai zazzage kaya ya ware lamba ɗaya da lamba biyu, kowace da farashinta, har manomi ya san tsabtar kayansa kuɗi ce. Hukumomin sayen amfanin gona sun danne farashi, wannan gaskiya ne, amma da aka rushe su a 1986 sai aka zubar da tantancewar tare da su. Tun daga nan mai tsabtataccen kaya da mai tsakuwa a buhu kuɗi ɗaya suke karɓa. Sakamakon ya bayyana a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, irin fiya-fiyar da ake yayyafawa a buhu don kashe ƙwaro, aka kuma yi ta tsawaita hanin. Wake ɗaya ke ɓata gari. Manomin Bunguɗu da bai taɓa sa wa wakensa guba ba ya sha hukunci ɗaya da wanda ya sa, saboda babu wata hanya da mai saye zai bambance su.

Yanzu ga ƙorafin farko, kuma na san yana bakin mutane da yawa: me ya haɗa jihar shari'a da darasi daga masu giya? Amsa ita ce tsarin ya girmi giyar, ya kuma fi ta faɗi. A Faransa, cukun garin Rokfor, wanda ake yi da nonon tumaki, ya samu dokar kare sunansa tun 1925. Kajin yankin Bres suna da tasu tun 1957, akwai ta barkonon Espelet, akwai ta albasar Roskof. Ba sai mun je Turai ba ma. Galmi, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, gari ne na Hausawa Musulmi kamar mu, kuma albasarsa ake nema da suna a kasuwannin Akara da Abijan. Da wani kamfanin iri na ƙasar waje ya nemi mallake sunan albasar, manoman Nijar suka tashi tsaye, daga baya ƙungiyar kare hakkin fasaha ta OAPI, mai ƙasashe goma sha bakwai, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista. A Kamaru masoron Penja ya samu irin wannan rajista a 2013, farashinsa ya ninka, manoma suka faɗaɗa gonaki. Ita kuma giyar, ko masu ita sun san illarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, Faransa ta taƙaita tallarta da doka tun 1991, kuma abin da Bafaranshe ke sha yanzu bai kai rabin na shekarun 1960 ba. Saboda haka ba ma kwaɗayin kayansu. Hana algus kuwa namu ne tun asali. A littattafan malamanmu aikin mai hisba ya haɗa da duba mudu da sikeli da binciken gauraye a kasuwa. Hukumar Hisba da ke farfasa kwalabe tana da hurumin shari'a ta leƙa cikin buhun da aka jera mai kyau a sama aka cusa ruɓaɓɓe a ƙasa, kuma ina ganin wannan ɓangare na aikinta an bar shi a baya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Mutumin Tsafe zai ce, malam, kana maganar suna a jikin buhu alhali gonar ma ba ta shiguwa. Gaskiyarsa. Akwai ƙauyuka a Tsafe da Bunguɗu da Maru da ake sa wa harajin noma kafin shuka, a sake sa musu kafin girbi, akwai waɗanda ake tilasta wa noma gonakin 'yan bindiga kafin nasu. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, an rufe kasuwannin mako-mako, mai kaya ya rasa inda zai kai. Takarda ba ta tare harsashi, kuma tsaro nauyi ne a wuyan gwamnati wanda babu dabarar kasuwa da za ta sauke mata. Amma ina roƙon a dubi abin ta wata fuskar. Idan gonar da mutum ke iya kaiwa ta ragu daga tafiyar awa biyu zuwa abin da ke bayan gari da bakin fadama, hanyar da ta rage masa ita ce buhu ɗaya ya kawo abin da biyu ke kawowa da. Sa'an nan tsarin nan yana farawa ne da rajistar gonaki, wace gona, ta wane gida, ina iyakarta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallakar gonakin karkara, amma mafi yawan gonakinmu shaidarsu tana bakin dagaci da dattawa ne, su kuwa suna mutuwa, wasu suna gudun hijira a Gusau. Ranar da aka samu zaman lafiya mutane suka koma, rikicin iyaka zai tashi a kan gonakin da suka shekara biyar ko goma a saura, kuma wanda ya rubuta yau shi zai kashe wutar gobe. Akwai kuma samari. Yaron da ya ga ubansa ya tsufa a gona bai ajiye komai ba, ramin zinariya zai nufa, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da ɗari huɗu suka rasu. Wani kuma daji zai nufa. Za a iya cewa kaya mai tsada zai jawo haraji mai tsada daga mahara, kuma akwai haɗarin hakan. Sai dai ƙarin kuɗin ba a gona yake tabbata ba, sai an kai gari an tantance an buga hatimi. Ɓarawo yana iya ɗora buhu a babur, amma buhun da ya rabu da takardarsa ya koma wake gama-gari. Manoman yankin Shampen na Faransa ma sun girbe inabinsu a 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsasan igwa suna faɗuwa a kusa da birnin Rims, mata da yara da tsofaffi ne suka yi aikin, kuma sunan da suka riƙe a lokacin yaƙi shi ya tashe su bayansa.

Ƙorafi na uku, wai talaka arha yake nema, ba ruwansa da suna. Wannan bai dace da abin da ke faruwa a kasuwa ba. Uwargida a Tudun Wada takan aiki yaro ya wuce masu ƙuli-ƙuli uku ya je gidan da ta sani, haka take yi da daddawa da man gyaɗa, tana kuma biyan ƙari ba tare da ciniki ba. Mai sayen wake yana tambayar kananado da sunansa. Amana tana da farashi a wurinmu, iyakarta dai ba ta wuce unguwa, saboda ba ta da hatimin da zai raka ta Abuja ko Ikko ko Makka. Masu sayen riɗinmu a Japan da masu sayen zoɓonmu a Meziko kullum tambayarsu daga ina kayan suka fito, da me aka fesa musu. Ba duk amfanin gona ne zai shiga wannan tsari ba, dawar tuwo da geron fura za su ci gaba da tafiya a mudu, kamar yadda Faransa ma ke cike da kaya masu arha. Haɗarin da na fi tsoro daban ne. A Burgandi suna ya yi tsada har ƙasa ta gagari 'ya'yan manoma, a 2014 da 2017 attajiran kamfanonin kayan alatu suka saye biyu daga cikin gonakin da suka fi shahara. Idan aka bar abin ga mai ƙarfi, babban ɗan siyasa zai sayi fadama ya sa sunan garin a kayansa, 'yan garin su koma 'yan ƙwadago. Garkuwar ita ce sunan wuri ya zama mallakar duk masu noma a wurin. A Shabli ƙananan manoma sun kafa ƙungiyar gama kai tun 1923, har yau kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin yankin ta hannunta yake bi.

Ba sai an jira Abuja ba kafin a fara. Dokar alamun kasuwanci ta 1965 ta tanadi alamar shaidar inganci da ƙungiya za ta iya yi wa rajista, NAFDAC kuma tana ba da lamba ga kayan da aka sarrafa. A ɗauki amfani ɗaya a gunduma ɗaya, wake ko riɗi ko mazarƙwaila ko man gyaɗa, wanda mutanen wurin suka san sun fi maƙwabtansu iyawa. Gidajen da ke noma shi su zauna gaban hakimi da dagatai da alƙali a rubuta gonakinsu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya su gwada ƙasar da irin, don a san abin da ake iƙirari gaskiya ne. A rubuta ƙa'ida gajeriya da Hausa da ajami: irin da za a shuka, maganin da aka hana, yadda za a shanya a kan tamfol maimakon gefen kwalta. Ga wake akwai buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ake ɗaure kowanne daban iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba, kuma an san shi a kasuwanninmu fiye da shekara goma. Kowane buhu ya fita da sunan gunduma da sunan gida da shekarar girbi da lambar da za a iya bi a dawo har rumbun da ya fito.

Saɗarar da za ta fi wuyar rubutawa ita ce ta hukunci. Dole ƙungiya ta yarda tun ranar farko cewa wanda aka kama da algus za a karɓe masa hatimi na kaka ɗaya ko biyu, ko da ɗan hakimi ne, ko da shi ya fi kowa yawan buhuna, kuma masu duba kayan kada su fito daga gidan da ake dubawa. Mu mutane ne masu kunya da kara, yana yi mana nauyi mu tona asirin maƙwabci, kuma a nan ƙungiyoyin manoma da yawa suka mutu, bayan waɗanda aka kafa don karɓar takin gwamnati kawai suka watse da ƙarewar rabo. Shi ya sa nake ganin a sa malamai da 'yan Hisba da wakilan mata masu sarrafa gyaɗa a kwamitin duba, a karanta sakamakon a fili ranar kasuwa, a kuma ba wanda aka hukunta damar ɗaukaka ƙara gaban alƙali cikin mako biyu, kafin kayansa su lalace a ajiye. A nan za mu dasa aya.